Tsayuwar da Ba a Gani a Filin Gasa: Hasso, Waki, Tonbo da Sauransu

Wanda duk ya taɓa kallon gasar kendo, wato wasan takobin gora na ƙasar Japan, zai lura cewa kusan dukkan 'yan wasan tsayuwa iri ɗaya suke yi. Ƙafar dama tana gaba, dunduniyar hagu a ɗage kaɗan, hannaye biyu suna riƙe da gorar daidai cibiya, tsininta kuma ya nufi maƙogwaron abokin karawa. Wannan ita ce chudan, tsayuwar tsakiya. Jefi-jefi akan sami wanda ya ɗaga gorarsa bisa kai, abin da ake kira jodan, kuma akwai gwanayen da suka yi suna da ita, irin su Chiba Masashi wanda ya ci gasar ƙasa baki ɗaya har sau uku, a 1966 da 1969 da 1972. Sai dai tsayuwa biyar ake koyarwa a kendo. Sauran ukun, wato gedan da hasso da waki, ɗalibi yana iya yin shekaru yana halartar gasa ba tare da ya ga wani ya kara da su ba. Inda yake haɗuwa da su shi ne a cikin kata, tsararren atisayen da mutum biyu suke yi da takobin katako, kowane motsi a ƙa'idance. Idan kuma aka leƙa tsofaffin makarantun takobi waɗanda suka girmi kendo da ɗaruruwan shekaru, sai a tarar da wasu da yawa waɗanda ko sunansu mafi yawan 'yan wasan zamani ba su taɓa ji ba.

Abin da ya fi damuna game da waɗannan tsayuwa shi ne yadda ake yanke musu hukunci. Wasu suna ɗaukar su kwalliyar gargajiya ce kawai, tunda ba a cin maki da su, wasu kuma sukan lulluɓe su da tatsuniya, su mai da su wani asiri na samurai, mayaƙan Japan na da. A ganina ɓangarorin biyu duk sun tsallake tambayar da ta fi muhimmanci, wato wace matsala ce kowace tsayuwa ta zo warwarewa. Babu malamin da zai ɓata lokacin almajiransa a kan riƙon takobi na banza a zamanin da kuskure ɗaya yake iya zama ajalin mutum. Nauyin kwalkwali, gajartar rufin ɗaki, tsawon makamin abokin gaba, irin ƙasar da ake takawa, har ma da yanayin zaman da mutum yake ciki lokacin da aka auka masa, kowanne ya haifar da irin tasa tsayuwar. Da matsalar ta gushe, sai aka bar amsar ita kaɗai, masu kallo suna mamakinta.

Ya kamata a fara da sulke. A ƙarni na 15 da na 16, lokacin da sarakunan yaƙin Japan suka yi ta gwabzawa a tsakaninsu, mayaƙi yana shiga fage ne sanye da sulken farantan ƙarfe da fata waɗanda aka ɗaure da igiyoyi, da kwalkwali mai faɗin baki da ya sauko har wuya. Sara a kan irin wannan sulke asarar ƙarfi ce, wani lokaci ma asarar takobin kansa. Saboda haka wuraren da ake nema su ne inda farantan ba su rufe ba: hammata, cikin wuyan hannu, gefen wuya, cikin cinya, da fuska. Mai sulke kuma ba ya tsayawa a miƙe. Yakan buɗe ƙafafu, ya sauke ƙugu, ya ba da gefen jikinsa, domin nauyin da ke kansa ya zauna daram a ƙasa mai gargada, wuraren da suke buɗe a sulkensa kuma su tsuke. Makarantar Tenshin Shoden Katori Shinto-ryu, wadda Iizasa Ienao ya kafa a ƙarni na 15 kusa da wurin bauta na Katori, a lardin da yau ake kira Chiba, har yanzu a kan wannan tunani take koyarwa, kuma a 1960 hukumar lardin ta sanya ta cikin al'adun gado da ake karewa.

Wajibi ne a tuna cewa takobi ba shi ne babban makamin fagen yaƙi ba a wancan zamani. Mashi da baka su ne a gaba, daga baya kuma bindiga, bayan da Turawan Fotugal suka kawo ta tsibirin Tanegashima a 1543. Takobi makamin kusa ne, na lokacin da mashi ya karye ko sahu ya watse. Shi ya sa tsofaffin makarantu suke koyar da shi tare da sanda da mashi da naginata, wato doguwar sanda mai lanƙwasasshen ƙarfe a baki, kuma da yawa daga cikin tsayuwarsu an tsara su ne domin fuskantar makamin da ya fi takobi tsawo ko nauyi.

A tsayuwar kasumi, mai takobi yakan ɗaga hannayensa zuwa gefen kai, ya kwantar da takobin daidai idanu, tsinin yana kallon fuskar abokin gaba, kaifin kuma sau da yawa yana kallon sama. Ga wanda ya saba da kendo abin zai zo masa a birkice, amma idan aka yi la'akari da sulke sai komai ya fito fili. Takobin ya riga ya tare hanyar saran da zai sauko daga sama, tsininsa ya riga ya nufi fuska, wadda ita ce kwalkwali ya bari a buɗe, kuma wanda tsini yake kallo kai tsaye yana shan wahalar auna tsawon ƙarfen da ke bayansa. Kaifin da ke kallon sama kuwa shi ne zai tarbi cikin wuyan hannun wanda ya kawo sara. Ita kuma torii, wadda ta ɗauki sunan ƙofar wuraren bautar Shinto mai ginshiƙai biyu da gungume a gicciye, hannun dama ne yake riƙe da ƙota, tafin hagu yana tallafe da bayan takobin kusa da tsini, ƙarfen duka a gicciye saman goshi. Wannan ya yiwu ne domin takobin Japan baki ɗaya gare shi, bayansa ba ya yanka. Da hannu biyu a nesa da juna mutum yana iya karɓar bugun makami mai nauyi ba tare da riƙonsa ya karye ba, sannan idan ya matsa kusa, hannun hagun ne zai jagoranci tsinin zuwa ƙaramar kafar da ke jikin sulke.

Daga 1603 gidan Tokugawa ya karɓi ragamar ƙasar, ya riƙe ta har zuwa 1868, kuma bayan shekarun farko manyan yaƙe-yaƙe suka ƙare. Samurai ya koma ma'aikacin gwamnati mai yawo a gari da tufafin auduga ko siliki, takobi biyu a ɗamara. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A makarantar Yagyu Shinkage-ryu ana danganta wannan sauyi ga Yagyu Toshiyoshi, jikan Yagyu Munetoshi, wanda ya koyar da reshen gidan Tokugawa na Owari a Nagoya: shi ne ya ɗaga tsayuwar makarantar daga durƙusasshen jikin mai sulke zuwa miƙaƙƙen jikin mai tufafi, domin wanda ba ya ɗauke da nauyi saurin ƙafa ya fi masa amfani, kuma jikinsa duka ya zama wurin sara. A farkon ƙarni na 18 Naganuma Kunisato na makarantar Jikishinkage-ryu ya inganta kayan kariya da takobin gora, bayansa Nakanishi Chuzo na Itto-ryu ya yaɗa amfani da su, har aka iya karawa da gaske ba tare da kashe juna ba. Tun daga nan fagen ya zama daɓen katako mai santsi, mutum ɗaya da mutum ɗaya, makami iri ɗaya. A irin wannan fage wanda tsinin makaminsa ya fi kusa da abokin karawa shi ne a gaba, kuma ba wata tsayuwa da ta fi chudan cika wannan sharaɗi.

Hasso tana cikin waɗanda wannan sauyi ya tura gefe. Ƙafar hagu ce a gaba, takobin a tsaye gefen dama na fuska, ya ɗan jingina baya, tsaron hannunsa daidai baki. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne kwalkwali: mai sanye da kwalkwali mai ƙaho ko wata doguwar alama a goshi, ga kuma farantan kafaɗa, ba zai ji daɗin ɗaga takobi bisa kansa ba, sai ya ajiye shi a gefe inda zai iya saukowa a karkace kan wuya. Na yarda da wannan, amma ban ɗauke shi shi kaɗai ne dalili ba. Riƙe ƙarfe a tsaye kusa da jiki ba ya gajiyar da hannu kamar miƙa shi gaba, wanda kuma bai san tsawon lokacin da zai ɗauka takobi a zare ba, ko yawan mutanen da za su taso masa, dole ya yi tattalin ƙarfinsa. Haka nan cikin ɗaki mai gajeren rufi ko ƙarƙashin rassan itatuwa jodan ba ta da wurin ɗagawa. Babbar shaidar cewa hasso ba ta mutu don rashin amfani ba tana wasan naginata na zamani, inda ake karawa da doguwar sanda mai lanƙwasasshen baki. A can hasso tsayuwa ce ta yau da kullum a gasa, domin dokar wasan ta yarda a bugi ƙwauri, kuma saran da ke saukowa a karkace daga gefen kai yana iya nufar kai ko ƙwauri ba tare da abokin karawa ya gane da wuri ba. A kendo kai da wuyan hannu da gefen ciki da maƙogwaro kawai ake lissafawa. Wannan dokar ce kuma ta rage darajar gedan, inda ake sauke tsini zuwa wajen gwiwa: barazana ga ƙafa ba ta tsorata wanda ya san ba za a ba da maki a kanta ba.

Waki ta fi hasso baƙunta a ido. Mutum yakan ja ƙafar dama baya, ya ba da gefe, ya kai takobin bayansa ta wajen ƙugun dama, tsini yana kallon baya da ƙasa, yadda abin da abokin gaba yake gani ƙarshen ƙota ne kawai. Kafaɗar hagu ta zama a buɗe sarai, kuma da gangan aka buɗe ta. Manufa ta farko ita ce ɓoye tsawon takobi, domin a zamanin da kowa yake ɗauke da ƙarfen da maƙeri ya ƙera masa daidai son ransa, tazarar taki ɗaya da aka auna ba daidai ba ta isa ta kashe mutum. Ko takobin ya karye, ko wani gajere ne aka riƙe, mai zuwa ba zai sani ba. Manufa ta biyu ita ce gayyata: an nuna masa wurin da zai sara, saboda haka an san inda zai saran. Makarantar Shinkage-ryu tana da irinta, wadda take kira sha, kuma darasin farko na jerin atisayenta na Sangaku da ita yake farawa, inda mai tsayuwar yake jiran saran da zai sauka a kafaɗarsa ya haɗu da shi da nasa.

Yadda batun tsawon makami ya ƙare labari ne da ya cancanci a tsaya a kansa. A shekarun 1830 wani gwani daga Yanagawa a tsibirin Kyushu, mai suna Oishi Susumu, ya zo Edo, wato Tokyo ta yau, da gora mai tsawon kusan santimita 160, ya yi ta kayar da fitattun zaurukan horo na birnin da suka. Sai dogayen gora suka zama yayi. Da gwamnatin Tokugawa ta buɗe makarantar horon soja ta Kobusho a 1856, aka ƙayyade tsawon gora a kan kimanin santimita 115. A kendo na yau babban namiji ba ya wuce santimita 120. Tunda kowa ya san tsawon gorar kowa tun kafin a shiga fili, ɓoye ta a baya ba ya ƙara komai, sai ma nisan da za ta yi kafin ta iso. Da ƙungiyar Dai Nippon Butoku Kai, wadda aka kafa a Kyoto a 1895, ta tara manyan malamai irin su Takano Sasaburo da Naito Takaharu suka tsara kata na bai ɗaya a 1912, sun ajiye wa waɗannan tsayuwa wuri. Daga cikin kata 10, bakwai da dogon takobi, uku da gajere, na uku yana farawa da gedan daga ɓangarorin biyu, na huɗu kuma yana haɗa hasso da waki fuska da fuska. Ina ganin hikima ce babba, domin ba don haka ba da miliyoyin ɗalibai ba su taɓa jin yadda ake sara daga gefe ba.

Wadda ta fi ɗaukar hankalina duka ita ce tonbo, tsayuwar mazari, ta makarantar Jigen-ryu a Satsuma, wato Kagoshima ta yau a kudancin Kyushu. Togo Chui, wanda ya rayu daga 1561 zuwa 1643, shi ne ya kafa makarantar. A ido tonbo tana kama da hasso, amma ta fi ta tsawo, hannun dama yana sama wajen kunne ko fiye, kuma tunanin da ke ƙarƙashinta daban ne ƙwarai. Malaman makarantar sukan kwatanta ta da yadda yaro yake ɗaga sanda idan zai bugi wani abu: hannun dama ya tashi yadda ya ga dama, na hagu ya biyo ya kama, gwiwar hannun hagu kuma ta tsaya cik ba ta motsi. Babu wani tanadi na kariya a cikinta. Dukkan koyarwar ta rataya a kan saran farko, wanda ake so ya zo da sauri da nauyin da ba za a buƙaci na biyu ba. Horon ma haka yake. Ana kafa gungumen itace a ƙasa, ɗalibi ya taho da gudu daga 'yan taku, ya yi ta saransa dama da hagu da sandar itace yana kurma wani dogon ihu mai tsuma jiki, kuma akwai tsohuwar magana a makarantar da take ƙarfafa sara 3,000 da safe, 8,000 da yamma. Reshen Yakumaru kuwa tarin rassa yake kwantarwa a gicciye ya yi ta duka. A turɓaya ake yi, da tufafin da mutum ya zo da su, domin faɗa ba ya jiran a sauya kaya. Masarautar Satsuma ta hana koyar da wannan fasaha ga baƙi, kuma zuriyar Togo har yau suna riƙe da ita a Kagoshima.

Sunan da mayaƙan Satsuma suka yi a rikicin ƙarshen mulkin Tokugawa ya sa ana danganta wa Kondo Isami, shugaban rundunar Shinsengumi mai goyon bayan gwamnatin Tokugawa, gargaɗin cewa a kauce wa saransu na farko, kada a yi ƙoƙarin tare shi. A tawayen 1877 da Saigo Takamori ya jagoranta, shekara ɗaya bayan dokar da ta hana yawo da takobi, farmakin takobi na 'yan Satsuma a Tabaruzaka ya sa gwamnati ta haɗa runduna ta musamman daga cikin 'yan sanda masu iya takobi domin ta tunkare su, abin da ya taimaka wajen dawo da horon takobi cikin aikin 'yan sanda. Duk da haka tonbo ba ta da gurbi a gasa, kuma dalilin a bayyane yake: tsayuwar da aka gina a kan yarda da mutuwa muddin saran ya sauka, ba ta da ma'ana a wasan da alƙalai uku suke duba wanda ya riga taɓawa da kyau.

Miyamoto Musashi, a littafin da ya kammala a 1645 kusa da Kumamoto, ya lissafa tsayuwa biyar nasa, sama da tsakiya da ƙasa da gefen dama da gefen hagu, ya kuma bayyana cewa na gefe ana amfani da su ne inda wani abu ya tare sama ko ya tare ɓangare ɗaya. Ya ƙara da cewa kada hankali ya maƙale a kan tsayuwar, domin ta sama idan ta sauko kaɗan ta zama ta tsakiya, manufar kuma sara ce ko daga ina. Shinkage-ryu ta kai wannan tunani ƙarshensa da tsayuwar mukei, inda mutum yake tsaye kawai takobi a sake gabansa yana kallon ƙasa, ba abin da ya nuna. Akwai kuma waɗanda suka tsira domin matsalarsu ba ta gushe ba. Hira-seigan, wadda aka san makarantar Tennen Rishin-ryu da ita, chudan ce da aka ɗan kwantar da takobin aka karkata tsinin. 'Yan kendo har yau suna komawa gare ta idan suka haɗu da mai jodan, su nufi hannunsa na hagu da tsinin gora, domin ta nan saran zai fito.

Akwai tsayuwar da a zaune ake yin ta. A fasahar iai, wato zare takobi daga kube da sara cikin motsi ɗaya, wadda ake danganta asalinta ga Hayashizaki Jinsuke na ƙarni na 16, tsofaffin darussa suna farawa daga tatehiza: ƙafar hagu a naɗe an zauna a kanta, gwiwar dama a ɗage, tafin ƙafar a ƙasa. Zama ne da ake alaƙanta shi da mai sulke, kuma tashi daga gare shi ya fi sauri. Darussan da ake farawa daga seiza, zaman ladabi a kan dunduniya biyu, sun zo daga baya ta hanyar Omori-ryu. A nan ya kamata mai karatu ya yi hattara da masu cewa kowane darasi hoton wani faɗa ne na gaske, domin a al'adar zamanin Tokugawa ba a zama cikin ɗaki da dogon takobi a ɗamara, cire shi ake yi. Amfanin seiza a iai horo ne: wanda ya iya zare dogon ƙarfe daga zaman da ya ɗaure masa ƙugu da ƙafafu, a tsaye abin zai zo masa da sauƙi. A jerin kata 12 na Hukumar Kendo ta Japan, uku na farko daga seiza suke, na huɗu kaɗai ne daga tatehiza.

Karate tarihinta daban ne, domin a Okinawa ta girma, tsibirin da a da yake masarautar Ryukyu mai cinikayya da ƙasar Sin, wanda Satsuma ta mamaye a 1609, Japan kuma ta haɗe shi a 1879. Tsayuwar sanchin daga lardin Fujian na ƙasar Sin ta zo, ta hannun mutane irin su Higaonna Kanryo da Uechi Kanbun waɗanda suka yi karatu a Fuzhou. Ƙafafu suna buɗe daidai faɗin kafaɗa, dunduniyar ta gaba tana layi ɗaya da yatsun ta baya, yatsun sun karkata ciki, gwiwoyi sun matso, ƙugu a ɗaure. A Goju-ryu ta Miyagi Chojun da dunƙulallen hannu ake yin katan, a Uechi-ryu da buɗaɗɗe, kuma malami yakan zagaya ɗalibi yana bugun kafaɗunsa da cinyoyinsa yana tura shi, domin ya gwada ko jikin ya haɗu wuri ɗaya. Ana yawan cewa an ƙirƙire ta ne domin faɗa a cikin jirgin ruwa. Ni ban ga buƙatar wannan labari ba, tunda tsayuwar da kanta ta nuna aikinta: ta mutanen da suka riga suka kai tazarar kama juna ce, inda ake buƙatar rufe gaba da cinyoyi, a kuma fitar da ƙarfi ba tare da ja da baya ba.

Haka ake yi wa naihanchi, katan da ake tafiya gefe da gefe kawai, ana cewa na mai jingine da bango ne ko mai tafiya a kan kunyar gonar shinkafa. Motobu Choki, wanda ya rayu daga 1870 zuwa 1944 kuma aka san shi da gwada fasaharsa a faɗan gaske, ya ɗauki naihanchi ginshiƙin karatensa, kuma ya koyar da cewa idan aka juya wannan tsayuwa dama ko hagu ita ce tsayuwar faɗa. Hotunansa suna nuna mutum a tsaye sosai, ƙafafu kusa da juna, hannaye biyu a gaba suna aiki tare. Funakoshi Gichin ma, wanda ya gabatar da karate a Tokyo a 1922, hotunan littafinsa na 1925 gajerun tsayuwa suke nunawa. Dogaye masu zurfi da aka san Shotokan, salon karaten Funakoshi, da su yau sun bunƙasa ne a shekarun 1930 zuwa 1940, musamman ta hannun ɗansa Gigo da matasan jami'o'i, waɗanda suke horo a daɓen katako, daga tazara mai nisa irin ta kendo. Naihanchi ta koma Tekki, tsayuwarta ta faɗaɗa ta zama ta mahayin doki. Wannan ya gina ƙafafu masu ƙarfi, ban musa ba, amma ya nisanta katan daga tazarar da aka tsara shi dominta.

Wasu tsayuwar karate kuma ana yi musu rashin adalci ne saboda yadda ake koyar da su. Tun da Itosu Anko ya shigar da karate makarantun Okinawa a farkon ƙarni na 20, aka koma koyar da ɗalibai masu yawa a layi, malami yana ƙirga, kowa ya daskare a kan kowane lamba. Hoton littafi ma daskarewa yake yi. Sai kosa-dachi, inda ƙafa ɗaya take gicciye bayan ɗaya, ta zama kamar wurin zama, alhali ba wanda zai tsaya ƙafa a harɗe yana jiran naushi. Ita taki ce da aka kama a tsakiya: saukowa da nauyin jiki duka cikin abokin gaba, kamar a farkon katan Bassai, ko juyawar ƙugu kafin kayarwa, kuma littafin Funakoshi na 1935 yana ɗauke da dabarun kayarwa a fili. Tsayuwar ƙafa ɗaya ta katan Gankaku, inda ake maƙale tafin ƙafa a bayan gwiwa kamar zalɓe, ɗan lokaci ne tsakanin janye ƙafa daga shara da harba ta gefe. Neko-ashi kuwa, mai ɗora kusan dukkan nauyi a ƙafar baya, tana barin ta gaba a sake domin shuri ko kaucewa.

Judo ma tana da nata rabon. Kano Jigoro, wanda ya kafa Kodokan, makarantar judo ta farko, a 1882, ya fifita shizentai, tsayuwar da mutum yake yi a ɗabi'ance, a kan jigotai mai buɗe ƙafafu da sauke ƙugu, kuma a gasar yau wanda ya daɗe a tsayuwar kare kai ba ya kai hari hukunci ake yi masa. Amma Kano bai yar da abin da ya koya a makarantar Kito-ryu ba. Ya adana shi a Koshiki no Kata, mai dabaru 21, waɗanda aka gina a kan kokawar mutum biyu masu sanye da sulke. Masu yin sa suna tafiya a hankali da taki mai nauyi, jiki a miƙe, ba sa dogara da kama riga kamar yadda ake yi a gasa, domin sulke ba shi da kwalar da za a cafka, kuma sau da yawa kayarwar tana zuwa ne ta hanyar karya daidaiton mutum ta baya har nauyin da ake ƙaddara yana ɗauke da shi ya kai shi ƙasa. Manya masu babban daraja ne suka fi koyon sa, akasari bayan sun bar gasa.